SANA'A SA'A: Tsohon Kabad Da Adakar Kaka A Kwandere

Duk wanda ya saba shiga gidajen dattawa a Kwandere, garin nan da ke bakin birnin Lafiya a Jihar Nasarawa, da wuya a ce bai taɓa ganin wani tsohon kayan katako an jingine shi a zaure ko a bayan ɗaki ba. Wani kabad ne wanda gilashin ƙofarsa ya fashe tun tuni, wani teburin madubi ne mai durowa uku ko huɗu, wani lokaci kuwa adaka ce wadda kaji suka mayar wurin kwana. Idan aka tambaya sai a ce ai na Hajiya ne tun na aurenta, yayinsa ya wuce. Galibi kuwa ƙarshen irin waɗannan kaya bai wuce hannun dillaliya a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ko bakin gara, ko kuma murhu ranar da itace ya yanke.

Abin da wannan fili yake so ya jawo hankalin jama'a a kansa a wannan mako shi ne, da yawa daga cikin kayan nan da ake yi wa kallon tarkace sun fi sababbin da ake sayowa daraja nesa ba kusa ba, kuma da ɗan ƙoƙari da sanin hannu za a iya mayar da su abin shiga ɗakin amarya ba tare da an ji kunya ba.

Sunayen kayan nan kansu sun isa su nuna hanyar da suka biyo. Akwati daga bakin Yarabawa Hausa ta aro shi, sanduƙi daga Larabci, adaka kuwa fataken goro ne suka zo da sunanta daga ƙasar Ashanti da Gwanja. Kabad da durowa su ne na baya-bayan nan, daga Ingilishi suka shigo. Kafin zuwansu duka, mace tana ajiye tufafinta ne a cikin lefe da ƙwarya, adon ɗakinta kuwa jeren ƙore ne da faya-fayai, daga baya tasoshi da kwanoni suka karɓe wurin. Mutanen Kwandere, waɗanda asalinsu Gwandara ne, kuma tarihin baka ya ce daga Kano kakanninsu suka taso, ba su bambanta da sauran ƙasar Hausa ba a wannan sha'ani na jere. Da hanyar jirgin ƙasa ta gabas ta ratsa Lafiya zuwa Kafanchan, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932, sai ƙusa da fenti da yankakken katako suka sami hanyar isowa cikin sauƙi, sana'ar kafinta ta zauna da gindinta. Amma babban yayin kabad da teburin madubi sai a shekarun 1970, musamman bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, lokacin da ma'aikaci ya sami kuɗi a dunƙule, ya ga babu abin da ya fi cancanta da su sai gado da kujeru da rediyo. Mafi yawan tsofaffin kayan da suke zube a zaurukan yau 'ya'yan wannan zamani ne.

To, mene ne ya sa suka fi na yanzu? Amsar tana cikin itacen. Kafintan wancan lokaci da maɗaci yake aiki, da kawo, da loko wanda ake kawowa daga kudu, wani lokaci har da madobiya, ita ce mai jan jiki da ƙamshi, wadda gara ba ta cika kusantar zuciyarta ba. Itatuwa ne da suka shekara aru-aru a daji kafin a sare su, aka kuma bar katakon ya bushe a inuwa kafin a sa masa zarto. Yau wannan dama ta wuce. Tun daga wajen 2013 'yan kasuwa suka far wa madobiya a dazuzzukan tsakiyar Nijeriya suna loda ta zuwa ƙasar Sin, inda ake yin kayan ɗaki masu tsada da ita, har ta kai yarjejeniyar duniya ta kare tsirrai da dabbobi masu shirin ƙarewa, wadda ake kira CITES, ta sa ta cikin jerin itatuwan da ba a cinikinsu sai da izini tun daga farkon 2017, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. A taron da aka yi a Panama a 2022 aka ƙara da maɗaci da kawo cikin jerin. Watau ke nan durowar da yara suke hawa suna tsalle a tsakar gida tana iya kasancewa da irin itacen da ƙasashen duniya suke zama taro domin kare shi.

Abin da ya maye gurbinsu kuwa kowa ya san shi. Malaina ce ɗanya wadda ba ta gama bushewa ba, ko kuma allon nan da ake kira MDF, wanda garin katako ne kurum aka cuɗa da gam aka matse, aka lulluɓe shi da leda mai ƙyalli. Ranar jere babu abin da ya kai shi ɗaukar ido. Amma ƙasar Lafiya ƙasa ce mai doguwar damina da laima, ba kamar Katsina ko Sakkwato ba, shi kuwa wannan allo da ruwa ba sa ga maciji. Da zarar ƙafarsa ta sha ruwan wanke ɗaki sau biyu sau uku sai ta kumbura ta fara zubewa kamar dusa, kuma ƙusa ba ta sake kama shi. Idan aka tashi daga gida zuwa wani gida sau ɗaya, a kwance shi a sake ɗaurawa, to ya gama yawo. Duk da haka shi ake ciwo bashi a saya, kuma bayan da aka janye tallafin man fetur aka saki darajar Naira a 2023 kuɗinsa ya hau, domin yawancinsa daga waje ake shigo da shi.

A nan ne maganar ta wuce ta katako ta zama ta zaman jama'a. Al'ada ta ɗora wa iyayen amarya kayan ɗaki, ko da yake addini bai ɗora musu ba, kuma babu wanda bai san gidan da aka ɗaga biki, ko aka sayar da gona, saboda gado da kabad ba. Gwamnatin Jihar Kano da ta fara aurar da zawarawa da 'yan mata a 2012, kayan ɗaki suna cikin abin da take ba kowace amarya, domin ta gane a nan ne gizo yake saƙarsa. Kwandere kuwa gari ne mai buɗewa, musamman tun da aka gina filin jirgin sama na Lafiya a ƙasarsa, aikin da aka fara zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, wanda shi ma ɗan garin ne, aka buɗe shi a 2022. Sababbin gidaje suna tashi, ido yana ƙara buɗewa, gasar jere tana ƙara zafi. Uba manomin doya ko riɗi mai 'ya'ya mata huɗu ko biyar, idan ya gyara kabad da teburin madubin uwarsu ya ba ɗaya daga cikinsu, ya rage wa kansa kaya mai nauyi. Abin da yake hana shi bai wuce tsoron gori ba, kada 'yan ganin ɗaki su koma suna cewa an yi wa 'yar wane jere da kwance. Gorin nan kuwa yana da tushe, gama yawancin gyaran da ake gani gyaran ganganci ne: a sami gwangwanin fenti ɗaya a malala shi bisa datti da tsohon fenti, ya yi kwana biyu ya fara ɓarewa. Maganin gorin shi ne aikin ya yi kyau har mai gani ya tambayi inda aka saya.

Matakin farko ba fenti ba ne, dubawa ce. A fitar da kayan waje da safe, a zare durowa duka, a juya su a duba bayansu da ƙasansu, domin nan ne kafinta ba ya shafa kome, nan ne kuma ake gane ainihin itacen. Idan kusurwar durowa an haɗa ta da haƙora masu shiga juna, ba ƙusa kurum aka buga ba, to aikin gwani ne, ya cancanci wahala. Idan aka ga ƙananan huji da gari mai laushi yana zubowa daga cikinsu, ƙwaro yana ciki yana ci, sai a fara da shi. Wasu suna ɗura kananzir a hujin da sirinji, wasu suna naɗe kayan cikin baƙar leda su bar shi a rana tsaka na 'yan kwanaki, zafin ya kashe ƙwaron da ƙwansa. Baƙin man inji da wasu suke shafa wa katakon rufi saboda gara ba shi da wuri a nan sam, haka ma maganin katako mai ƙarfi irin Solignum bai kamata ya shiga cikin durowar da za a sa tufafi ba. Ƙafar da gara ta cinye a yanke ta a dasa sabuwa, haɗin da ya saki a kankare tsohon gam a sa sabo a ɗaure shi da igiya ya kwana. Durowar da take cijewa kuwa sau da yawa ba ta bukatar kome sai a goga kyandir ko busasshen sabulu a inda take zamewa.

Bayan wannan sai a gano abin da aka shafa masa tun farko. A jiƙa ɗan tsumma da sifirit a goga a wani lungu: idan ya yi laushi ya kama tsumman, to folish ne irin na da, wanda ake yi da wani danƙo da wasu ƙwari suke fitarwa a itatuwan Indiya. Irin wannan ba sai an kankare shi duka ba, a wanke shi a ƙara sabo a kai ya dawo da haskensa. Idan sifirit bai taɓa shi ba amma tina ta narka shi, na feshi ne. Idan duka biyun ba su yi masa kome ba, banish ne ko fentin mai, sai an goge.

Wurin gugar nan ne akwai haɗarin da ya kamata kowane magidanci ya sani, kuma shi ne abu mafi muhimmanci a cikin wannan bayani duka. Tsohon fentin mai, musamman rawaya da ja da kore, sau da yawa akwai dalma a cikinsa. Amurka ta hana sa dalma a fentin gida tun 1978, amma a ƙasashe irin Nijeriya an daɗe bayan haka ana sayar da shi a kasuwa. Muddin fentin yana manne a jikin katako bai cika cutarwa ba, amma da zarar an sa samfefa an mayar da shi ƙura, ko an sa wuta an babbake shi, ya zama guba. Yaro mai rarrafe zai kwashe ƙurar a hannu ya kai baki, ita kuwa dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan adadinta da za a ce ba ya cutarwa. Jama'a ba su manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gida ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce. Saboda haka kada a yi gugar a tsakar gida inda ake girki da shanya, kada yara da mai juna biyu su matso, a riƙa yayyafa ruwa ana gogawa domin ƙurar ta kwanta, mai aikin ya rufe hanci da baki, ya kuma wanke jikinsa da tufafinsa kafin ya ɗauki ɗa. Tarkacen da aka kankaro a tattara a leda a binne nesa da rijiya. Katakon da yake da tsohon fenti kuwa, ko an fid da rai da shi, bai dace a hura wutar tuwo da shi ba.

Ita gugar kanta da samfefa mai kaushi ake farawa, lamba 80, a bi da 120, a ƙare da 180 ko 220, kullum ana bin tsawon jijiyar itacen, ba a gicciye ta. Inda aka ga falle ne siriri na itace mai kyau aka manna bisa wani katako, sai a sassauta hannu, domin in aka huda shi babu gyara.

Daga nan ne ake yanke shawarar da ta fi kowace wuya, watau a yi fenti ko kada a yi. Idan guga ta tona maɗaci ko madobiya ko loko, haƙiƙa rufe shi da fenti asara ce, kamar a sami saƙi na gaske a rina shi baƙi. Irin wannan banish yake so, shafi siriri sau biyu ko uku, ana bari kowanne ya bushe a ɗan goge shi kafin a ƙara. Wanda ba ya son ƙyalli da yawa ya narka kakin zuma ya murza da tsumma. Man gyaɗa da manja da man kaɗe da wasu mata suke shafawa domin katako ya yi sheƙi ba sa bushewa, ƙura suke kamawa su yi wari daga baya. Fenti na katakon da ba shi da kyan jiki ne, ko wanda aka yi wa faci da yawa. Shi ma sai an fara da fentin shimfiɗa kafin na sama, kuma fentin ruwa na bango ba ya zama a jikin durowar da hannu yake taɓawa kullum sai an bi shi da banish.

Maganar ado kuwa, a Turai da Amurka an daɗe ana yayin gyaran tsofaffin durowa, har wata Baturiyar Ingila mai suna Annie Sloan ta fito da wani fenti mai kama da alli a 1990 musamman domin wannan aiki. Sai dai abin da suka fi so can shi ne bayan an gama fenti a koma a kankare gefe-gefe da gangan domin kayan ya yi kama da wanda ya sha jiki. Wannan ba zai karɓu a ɗakin amaryar Kwandere ba, inda tsufan ne ake gudu tun farko, kuma babu dalilin aro shi alhali ƙasar nan cike take da nata zane. Ga dagi da sauran zayyanar da magina suke yi a bangon gidajen Zariya da Kano. Ga aska biyu da aska takwas na wuyan riga. Ga zanen da mata suke ƙonawa a bayan ƙwarya da wuƙa mai zafi, wanda zai zauna daram a fuskar durowa mai farin katako, a bi shi da banish. Mai son maimaita zane ɗaya a durowa huɗu sai ya yanke siffarsa a jikin kwali mai kauri, ya ɗora ya riƙa dangwala fenti da soso, kamar yadda masu rubutun allon kanti da masu zanen manyan motoci suke yi. Abin lura kurum shi ne kada a cika. Dagi ɗaya a tsakiyar kowace durowa da siririn layi a gefe ya fi a cushe fuskar duka da furanni har ido ya rasa wurin sauka.

Dukawa ma suna da abin da za su koya wa kafinta. Baƙin rinin da suke yi wa fata, wanda ƙarfe da bagaruwa suke haɗuwa su bayar, yana kama katako kamar yadda yake kama fata: a shafa ruwan jiƙon bagaruwa ya bushe, a bi shi da ruwan da tsatsar ƙarfe ta jiƙa a ciki, nan take itacen zai yi baƙi ba tare da jijiyarsa ta ɓuya ba. Ana kuma iya yanka jar fata ko koriya a manna a tsakiyar ƙofar kabad a kewaye ta da ƙananan ƙusoshi masu kan tagulla. Wata dabarar da mata za su fi so ita ce ta atamfa. Uwa da yawa tana da ragowar turmi daga lefenta, wataƙila ma irin wanda masaƙun Kaduna suka buga kafin su durƙushe, ya tsufa da ɗaurawa amma zanensa yana nan. A yanka shi daidai fuskar durowa, a shafa farin gam na katako, a shimfiɗa a murje kumfar iska, in ya bushe a bi shi da banish sau uku. Mariƙin durowa kuwa, idan na asali na tagulla ne, kada a yar da shi a sa na roba. Lemun tsami da toka sun isa su fito da shi. Idan ya ɓace, maƙeran farfaru suna nan, na Bida kuwa sun yi suna a aikin tagulla tun kaka da kakanni.

Akwai abinci a cikin wannan sana'a ga samarin da suke koyon kafinta a bakin hanyar Jos da ta Makurɗi da ta Shandam a cikin Lafiya, waɗanda yawancinsu ba su da jarin sayen katako. Mai gyara ba ya bukatar injin yanka, jarinsa samfefa ne da buroshi da gam da haƙuri. Zai yi kyau makarantun koyon sana'a na jihar, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai da ke Lafiya, su duba yiwuwar shirya gajeren horo a kan gyaran tsofaffin kayan katako, a haɗa da bayanin dalma, a kuma buɗe ƙofarsa ga mata, tun da yake aikin ado ana iya yinsa a cikin gida, kuma mace ce ta fi sanin abin da 'yan'uwanta mata za su yaba. Masu rabon gado su ma ya kamata su riƙa neman kafinta ya duba irin waɗannan kaya kafin a yi musu kuɗi, gama sau da yawa ana ƙiyasta su a banza, magada su cutu ba su sani ba.

Sauran magana ita ce ta lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A tsakiyar damina laimar Lafiya tana hana banish bushewa, har yakan yi fari-fari kamar hazo ya kwanta a kansa, katakon kuma yana kumbure, durowar da aka daidaita a lokacin za ta yi sako-sako da rani. A tsakiyar hunturu kuwa ƙura ce take sauka bisa ɗanyen shafi ta mayar da shi kamar samfefa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da kaka, bayan ɗaukewar ruwa kafin iskar hunturu ta yi ƙarfi, watau wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, a cikin rumfa ko ɗaki mai iska wanda aka yayyafa wa ƙasansa ruwa. Tsumman da aka yi aikin mai ko banish da shi kada a dunƙule shi a jefa a lungu, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. A baza shi a waje ya bushe. Bayan shafin ƙarshe a ba kayan kamar mako biyu kafin a sa tufafi, a bar durowa a buɗe da ɗan gawayi a ciki ya tsotse warin fenti da na daɗewa, sa'an nan a turara su da turaren wuta. Ranar jere kuma a ɗora ƙafafun bisa 'yan guntayen tayil, a bar tazarar tafin hannu tsakanin bayan kabad da bango, yadda gara ba za ta sami hanyar hawa a ɓoye ba.